Jakin Stevenson da Fadamar Haɗejiya: Sharhi a Kan Rubutun Tafiye-tafiye

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina 'yan aji biyar aikin insha'i, na ce kowa ya rubuto mini labarin wata tafiya da ya taɓa yi wadda ba zai manta da ita ba. Da na zauna duba takardun da daddare sai na tarar kusan dukkansu sun yi nisa. Wannan ya je Kano ya ga gadar sama, wancan ya je Abuja, wani ma har jirgin sama ya hau zuwa Makka, alhali kuwa na san mahaifinsa, na kuma san ko tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori yaron nan bai taɓa wucewa ba. A cikinsu akwai wani yaro da ke zuwa daga wani ƙauye na bakin kogi, wanda duk damina sai ya tuɓe takalmi, ya ɗora littattafansa a ka, ya ratsa ruwa, wata rana ma sai ya shiga kwale-kwale, kafin ya iso bakin kwalta. Shi kuma labarin Legas ya rubuto. Da na kira shi na ce, "Kai kuwa me ya hana ka rubuta hanyar garinku?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai wannan ba tafiya ba ce."

Maganar yaron nan ta daɗe tana damuna, domin kuwa ba shi ya ƙirƙiro ta ba. A wurinmu ya koye ta, mu malamai da marubuta. Mu ne muka nuna masa cewa tafiya ba ta isa a rubuta ta ba sai an shiga mota ko jirgi, an kuma sauka a inda ba a jin Hausa. Wannan ne ya sa na koma ga wani ƙaramin littafin Ingilishi da na karanta tun ina ɗalibi, wato Travels with a Donkey in the Cévennes na Robert Louis Stevenson, labarin wani mutum da ya yi tafiyar ƙafa da jaki a ƙauyukan Faransa. Nufina a wannan sharhi shi ne in duba abin da littafin ya dace da shi da inda ya gaza, sa'an nan in ɗora shi a sikeli ɗaya da namu littattafan tafiye-tafiye, ko ma gano dalilin da ya sa har yau fadamar Haɗejiya ba ta sami mai rubuta ta ba.

Littafin da Marubucinsa

Da yawa daga cikin masu karatu sun san Stevenson ta hanyar Treasure Island, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantunmu. Mutumin Sikotlan ne, an haife shi a 1850. A ranar 22 ga Satumba 1878, yana ɗan shekara 27, ya tashi daga wani ƙaramin gari mai suna Le Monastier a kudancin tsakiyar Faransa, ya nausa kudu cikin duwatsu, ya isa Saint-Jean-du-Gard a ranar 3 ga Oktoba. Tafiyar kwana 12 ce, nisanta wajen mil 120. Littafin ya fito a 1879.

Abokin tafiyarsa guda ɗaya ne, wata 'yar jakanya da ya saya faran 65 da kofin barasa, ya raɗa mata suna Modestine. Kayansa sun haɗa da wani buhun kwanciya da ya sa aka ɗinka masa, da fitila, da ɗan guzuri. Yankin da ya ratsa a wancan zamani yankin talakawa ne, manoma da makiyaya, ga sanyi ga iska, masaukansu kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne ake haɗa baƙi a ciki, turken dabbobi na jikin bango. Babu wani babban birni a hanyar, babu fadar sarki, babu masana'anta. In da ɗalibin nan nawa ne, da ya ce wannan ba tafiya ba ce.

Zubin littafin mai sauƙi ne. An kasa shi bisa ga yankunan da aka bi, kowane babi kuma yana bin sawun yini ɗaya ko dare ɗaya. Babu wani ƙulli da ake jira a warware a ƙarshe. Abin da ke jan mai karatu shi ne hanyar kanta, da kuma halin mutumin da ke bin ta.

Abin da Ƙafa ta Ba Alƙalami

Nasara ta farko da littafin ya samu ita ce saurinsa daidai yake da saurin jaki. Wanda ke cikin mota yana ganin gari ne a dunƙule, kafin ya ce mene ne wancan an wuce. Mai tafiya a ƙasa kuwa dole ya san inda hanya ta yi laka, da inda ta rabu biyu, da irin fuskar mutumin da zai tambaya. Saboda haka duk abin da Stevenson ya kawo ƙarami ne, amma a fili yake kamar ka taɓa. A yinin farko kaya suka yi ta zamewa daga bayan jakanyar, har ya gaji ya zubar da wani sashe na guzurinsa, ciki har da cinyar tunkiya. Jakanyar ta ƙi sauri, ya yi ta dukanta yana jin kunyar kansa, sai da wani mai masauki ya yi masa tsinken zungura sa'an nan tafiya ta miƙe. Duk wanda ya taɓa kora jaki da mangala daga gona zuwa gida zai karanta wannan wuri yana dariya, domin ya san gaskiya aka faɗa.

Nasara ta biyu ita ce marubucin bai mai da kansa gwarzo ba. Wannan darasi ne babba gare mu, ganin yadda tauraron labaranmu ya saba zama wanda ba ya kuskure, ba ya tsoro, ba ya ɓata hanya. Stevenson ya ɓata. Dare ya yi masa a kusa da wani ƙauye, ya buga ƙofa ya roƙi a nuna masa hanya, maigidan ya ƙi fitowa, wasu 'yan mata kuma tun da farko sun yi masa tsiya. Haka ya kwana a waje cikin iska. Bai ɓoye wautarsa ba, bai kuma ɓoye fushinsa ba, shi ya sa idan ya zo ya ce wani dare ya yi masa daɗi sai ka yarda da shi. Akwai daren da ya kwana a cikin itatuwa a kan dutse, ya farka tsakar dare yana kallon taurari, da gari ya waye ya ajiye 'yan kuɗi a ƙasa a matsayin kuɗin masauki. Marubucin da ya fara nuna maka ƙafarsa ta yi kanta shi ne ke da izinin nuna maka taurari.

Nasara ta uku ita ce yadda ya ɗinka tarihi a jikin ƙasa. A kashi na ƙarshe ya shiga yankin da aka yi tawayen da ake kira na Camisards, wanda ya ɓarke a 1702, lokacin da talakawa mabiya ɗariƙar Furotesta suka ɗauki makami saboda Sarkin Faransa ya hana su yin ibadarsu. Stevenson bai kawo wannan tarihi a farkon littafi kamar darasin aji ba. Sai da ya tunkari garin Le Pont-de-Montvert, inda aka kashe limamin Katolikan da kisansa ya zama mafarin yaƙin, sa'an nan ya buɗe maganar. Ta haka mai karatu yake jin tarihin kamar ƙasar ce ke ba da shi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata marubutanmu na soyayya su lura da shi. Masu nazarin rayuwar Stevenson sun nuna cewa ya yi wannan tafiya ne zuciyarsa na cike da begen Fanny Osbourne, wadda ta koma Amurka a wannan shekara, wadda kuma ya aura a 1880. Amma ko sau ɗaya bai ambaci sunanta a labarin ba. Sai dai can a daren nan na cikin itatuwa ya ɗan nuna cewa da akwai wadda yake so a kusa da shi da daɗin ya cika. Mu da muka saba cika shafi goma da wasiƙar masoyi, ya kamata mu ga yadda kawaici yake ƙara wa bege nauyi.

Inda Littafin ya Gaza

Duk da haka ba zan ce littafin ba shi da aibi ba. Babban aibinsa, a ganina, daga kaɗaicin marubucin ya taso. Tun a 1876 Stevenson ya rubuta wata maƙala inda ya dage cewa tafiyar ƙafa ta shaƙatawa mutum shi kaɗai ya kamata ya yi ta, don kada wani ya takura masa ko ya katse masa tunani. Wannan ra'ayi ya ba littafin natsuwa, amma ya rage masa mutane. Manoman da ya gamu da su suna shigowa ne su fita kamar inuwa: wannan mai kirki ne, wancan bagidaje ne, waccan ta yi masa dariya. Ba mu san bashin da ke kansu ba, ba mu san abin da gonarsu ta bayar a wannan shekara ba. Ko a gidan ibadar Notre-Dame des Neiges, inda ya sauka wurin masu zuhudun da ba su cika magana ba, abin da ya fi tsayawa a ran mai karatu shi ne gardamar da wasu baƙi biyu suka yi da shi suna son ya sauya ɗariƙa, wato dai maganar ta sake komawa kansa. Halitta ɗaya tak ce ta samu cikakkiyar siffa a littafin ban da shi, ita ce jakanyar. Da suka isa ƙarshen hanya aka ce ba za ta iya ci gaba ba, ya sayar da ita faran 35, sai da ya shiga keken doki ya tafi sa'an nan kewarta ta kama shi har ya yi hawaye. Wurin yana da taɓa zuciya, amma yana kuma tona asirin littafin: mutum ya yi kwana 12 a cikin jama'a, da zai tafi jaki kaɗai ya yi wa kuka.

Abin mamaki shi ne jama'ar da suka gaji hanyar ba su bi shawararsa ta kaɗaici ba. Tun daga 1936, da dokar Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, fita ƙauye lokacin hutu ta zama al'adar talaka ma, daga 1947 kuma aka fara shata dogayen hanyoyin ƙafa ana yi musu alama da jan fenti da fari. Hanyar Stevenson tana cikinsu, lambarta GR 70, a 1994 kuma aka kafa ƙungiya ta musamman don raya ta. Dubban mutane suna bin ta kowace shekara, da yawansu ƙungiya-ƙungiya, abokai ko iyali ko waɗanda kamfanin yawon buɗe ido ya haɗa. Wasu suna hayar jaki, da dare kuma a haɗu a masauki a ci abinci a teburi ɗaya. Ƙauyukan da matasa suka gudu suka bari sun sami abin yi: mai masauki, mai gidan abinci, mai kiwon jakuna. Ƙaramin littafi guda ɗaya ne ya jawo wannan duka, shi ya sa nake ganin maganar ta wuce ta nishaɗi.

Namu Littattafan

To, mu kuma fa? Ba za a ce Hausa ba ta da rubutun tafiye-tafiye ba. Mafi daɗewa da aka sani shi ne labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbuktu, sa'an nan suka ƙetare Sahara zuwa Turai a 1855. Abin sha'awa, Dorugu ya ratsa Faransa daga bakin teku zuwa Faris shekara 23 kafin Stevenson ya ɗaura wa jakanyarsa kaya. Ya ba da labarinsa da baki ga J. F. Schön, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. A cikin duk abin da muke da shi, labarin Dorugu ne ya fi kusa da ƙasa, domin idon yaro ne mai hidima, wanda ya san yunwa da ƙishirwa da nauyin kaya. Sai dai an rubuta shi ne don Turawa masu koyon Hausa, kuma har yau ɗalibanmu ƙalilan ne suka taɓa ganin sa.

Wanda ya kafa wa wannan fanni tubali a boko shi ne Alhaji Abubakar Imam da Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, labarin ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bayansa Malam Aminu Kano ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955, shi ma labarin tafiya Turai. Ba ni da bakin da zan rage wa waɗannan magabata daraja. A zamaninsu ɗan Arewa da ya ga Landan da idonsa abin ƙirgawa ne da yatsu, saboda haka wajibi ne wanda ya je ya dawo ya ba da labari, gani ya kori ji. Manufarsu wayar da kai ce, sun kuma cim mata.

Amma kowane tubali yana da siffar da yake tilasta wa gini. Imam baƙo ne da aka gayyata, masu masaukinsa ne suka tsara masa mafi yawan abin da zai gani, jirgi da mota ne suka kai shi. Ilmin da tafiyar ta buɗe ilmin wata ƙasa ne, mai karatu kuma yana zaune a gida yana jin abin da ba shi da shi. Waɗanda suka biyo baya sai suka ɗauki siffar suka bar dalilin. Har yau idan ka ga labarin tafiya a jarida ko mujallar Hausa, galibi na Saudiyya ne ko Dubai ko Sin ko Ingila, zubinsa kuma ɗaya ne: filin jirgi, otal, dogayen gine-gine, tsabtar titi, sai a rufe da kukan yaushe za mu zama kamar su. Ko littattafan da suka cika kasuwar Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980, waɗanda aka yi ta muhawara a kansu, taurarinsu a mota suke, ƙauye kuwa wuri ne da ake baro shi a babi na ɗaya. Daga nan ɗalibina ya samo fatawarsa.

Ayarin da Ba a Rubuta Ba

Na san za a ce mini, Malam, Bature yana tafiya a ƙasa ne don ya ƙoshi, mu kuwa don babu kuɗin mota muke yi, yaya za ka ce mu mai da wahalarmu abin shaƙatawa? Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Matar da ke tafiyar awa biyu da ƙwaryar nono a ka ba hutu take yi ba. Amma ni ban ce a yi wa wahala kwalliya ba. Cewa na yi a rubuta ta. Wanda ya bi hanya don dole ya fi ɗan yawon buɗe ido sanin ta nesa ba kusa ba, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai gaya masa cewa saninsa ya isa shiga littafi.

Bugu da ƙari, abin nan da Stevenson ya rasa, wato jama'a, mu gadonmu ne. Bahaushe bai san tafiyar mutum ɗaya ba, ayari ya sani. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya da jakuna da takarkarai, suna da madugu mai shugabanci, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, kowane zango da hukuncinsa, kowane kogi da kuɗin fitonsa. Alhazan dā sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wasu shekaru suka yi kafin su ga Bahar Maliya, wasu ma a Sudan suka zauna har jikokinsu. Ga 'yan ci-rani, ga almajirai da malaminsu, ga Fulani masu tashi da shanu. A ayari ne ake sanin mai rowa da mai haƙuri, da wanda ke ɓoye guzuri, da wanda zai tsaya idan ƙafar wani ta kumbura. Wannan shi ne kayan aikin marubuci na asali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, mota ta biyo baya, ayari ya watse, waɗanda suka san shi da ƙafarsu kuma suka ƙare ba mu zauna mun rubuta daga bakinsu yadda ya kamata ba.

Yanzu mai karatu ya ɗauka mutum biyar ko shida sun tashi daga Haɗejiya da kaka, bayan ruwa ya fara janyewa, sun yi kwana goma suna bin fadama a ƙasa ta wajen Kirikasamma da Guri har su ɓulla Nguru, ɗayansu kuma yana riƙe da littafin rubutu. Tun kafin su bar gari ga tarihi a ƙarƙashin ƙafarsu, domin a nan ne Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a watan Afrilu na 1906, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa. Ga labarin Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato, wanda har Barth, da ya bi ta Gumel a 1851, sai da ya ambace shi a littafinsa. In Stevenson ya iya tayar da yaƙin 1702 daga kan wata gada, me zai hana namu marubucin ya tayar da na 1906 daga gindin ganuwa?

Da sun shiga fadama kuma sai ƙasar ta fara ba da nata labarin. Za su ga inda jigawa ta ƙare laka ta fara, inda gero ya ba shinkafa wuri. Za su ga goruba da masu yankan kaba, da masunta a kan gora, da tarwaɗa da karfasa a kan wutar banda, da dinya da kirinjijiya da zalɓe. A dajin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, za su tarar da tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk shekara don gudun sanyin can. Wato tsuntsun Turai ya san hanyar fadamarmu, marubucinmu bai sani ba.

Ba kuma abin daɗi kaɗai za su gani ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa ya sauya hali. A dā kogi yakan cika da damina ya ja baya da rani, manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Da ruwa ya koma gudana kusan duk shekara sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ya daina isa gare shi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta raba dubban mutanen wannan yanki da gidajensu da amfanin gonarsu. Duk wannan yana cikin rahotannin masana da Ingilishi, da alƙaluma da taswira. Abin da babu shi ne muryar dattijon da zai nuna maka da sandarsa inda gonar ubansa take a ƙarƙashin kacalla, da gardamar manomi da Bafulatani a bakin mashaya, da hirar da za a yi da dare a zaure bayan an kawo wa baƙi tuwo. Wannan sai mai tafiya a ƙasa, kuma sai wanda ke jin harshen mutanen.

Kada kuma mu ɗauka abin zai jira mu. A wannan yanki namu ne aka yi harshen Auyokanci, yau babu mai magana da shi ko ɗaya. Abin da ya sami harshe yana iya samun sunan tafki, da sunan kifi, da hanyar da shanu ke bi.

Kammalawa

A taƙaice, littafin Stevenson ya dace wajen tafiya sannu, da faɗin gaskiya a kan kai, da ɗinka tarihi a jikin wuri, ya kuma gaza wajen shigar da mutane saboda marubucin ya zaɓi kaɗaici. Namu magabatan sun dace wajen buɗe mana duniya, amma siffar da suka bari ta sa mun ɗauka sai an fita waje ake tafiya. Littafin da nake jira shi ne wanda zai ɗauki idon Stevenson ya haɗa da kunnen ayari.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, maimakon kowane taro ya ƙare a ɗakin taro da jawabai, a ware hutu ɗaya, reshe ya fitar da mutum biyar ko shida, a nemi izinin hakimai da dagatai, a sami ɗan gari ya zama jagaba, a yi ko da kwana uku ne a ƙasa, kowa ya rubuto abin da ya gani, mujallar nan ta buga. Kuɗin da za a kashe bai kai na hayar kujeru da lasifika ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na mayar masa da takardarsa ta Legas na ce ya sake. Bayan mako guda ya kawo mini shafi huɗu a kan hanyar garinsu. Rubutun cike yake da kurakuran ƙa'ida, amma a ciki ya faɗi yadda ake gane zurfin ruwa daga launinsa, da sunan kowane tafki da yake wucewa, da ranar da littafinsa na lissafi ya faɗa ruwa ya shanya shi a kan kaba. Na ba shi maki mafi yawa a ajin, na kuma karanta wa sauran da babbar murya. Da na gama sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe irin wannan ma ana rubutawa?" Na ce mata ana rubutawa. Allah ya sa mu da muka riga su riƙe alƙalami mu ba su misalin da za su gani.